Warin Gam a Jikin Manemin 'Yata

Matso kusa ka ji, wannan ban cika ba da shi a cikin taro ba.

Shekarun baya, wani saurayi ɗan Ringim da ke aiki a nan Dutse ya fito neman 'yata ta biyu. Tana son sa, har abinci ba ta iya ci ranar da zai zo. Ran da ya shigo gaishe ni, yana durƙusawa wani wari ya bugi hancina. Ba turare ba ne, gam ne, irin wanda lalatattun samari ke shaƙa a bayan tasha. Na saci kallon hannunsa, duk farcen ya yi dabbare-dabbare.

Na ce wa maigidana, "Malam, yaron nan sholisho yake sha."

Ya ce, "Ke dai hancinki ya fi na kowa aiki. An yi bincike, liman ɗin unguwarsu ma ya yabe shi."

"Liman ya shinshina shi?"

Amma dai Malam ya ɗaga sa ranar. 'Yata ta daina yi mini hira, sai gaisuwa. Ni kuwa har na kira yayata a Miga na zazzage mata komai.

Ni da ko kasuwa sai an yi da gaske nake zuwa, na hau mota zuwa Ringim, wai na je gaida mahaifiyarsa. Muna cikin shan fura na ce, "Hajiya, ɗan namu yana gyaran takalma ne? Na ji kamar gam."

Ta ajiye ludayi. "Au, warin ya bi shi har gidanku? Taso ki ga abin da ya ishe ni."

Ta buɗe ɗakinsa. Kan katako an jera wasu ƙananan tankokin yaƙi na roba, kowace ba ta wuce tafin hannu ba, bindigoginsu duk sun kalli rufi. Ga kwalaben fenti kamar na kwalli. Muna tsaye sai ga shi, ranar Asabar ce. Ya yi tsuru-tsuru.

Na ce, "Kai kuma da girmanka, motar yara?"

"Mama, ba na wasa ba ne. Kwaikwayon na Jamus ne, na yaƙin duniya na biyu, masu kakkaɓo jiragen sama. A wargaje suke zuwa cikin kwali, ni nake haɗawa. Wannan mai bakin bindiga huɗun sati uku ta ci mini."

"Tana tafiya?"

"A'a."

"Tana harbi?"

"A'a, Mama."

"To me take yi?"

Mahaifiyarsa ta ce, "Ƙura take tarawa, Hajiya, ni kuma a hana ni sharewa."

Ban saki jiki ba tukuna. Na sa ya haɗa wani ƙaramin abu a gabana, ina kallon hannunsa ko zai yi rawa. Ko gezau. Na tambayi me ya sa 'yan kujerun da ke kan tankokin ba kowa a kai, ya ce da 'yan sojojinsu suke zuwa, amma mahaifinsa malami ne, ya ce ba a ajiye masa mutum-mutumi a gida, shi ya sa yake zubarwa. Jin haka ne na ɗan sauko.

An yi biki bayan sallah, yanzu 'ya'yansu uku. Sai dai maganar da na kai Miga ba ta dawo ba. Na bi dangi ɗaya bayan ɗaya na ce kuskure na yi, amma har yau in ya je ɗaurin aure can, akwai masu matsawa kusa da shi suna jan hanci. Shi bai san daga inda abin ya fito ba, kullum sai ya kawo mini tsire ya ce ba shi da uwa a Dutse sai ni.

In kai ne ni, za ka faɗa masa?