Wanda Ya Sha Kashi Shi Ke Fara Zaɓe

A iya sanina, ni kaɗai ne Bahaushe a Doha da ke kallon besbol. Na yi cigiya, ban samu na biyu ba. Wasan Amurkawa ne: mutum ɗaya ya jefo ƙaramar ƙwallo, wani ya make ta da gora, in ya same ta ya sheƙa da gudu ya zagaya fili. Duk wanda na yi wa wannan bayani sai ya ce, "To ai kurket ke nan, irin na 'yan Indiya." Sai raina ya ɓaci, in bar maganar.

Maigidana na farko a ƙasar nan ne ya shafa min wannan ciwo. Dattijo ne Ba'amurke, injiniyan iskar gas, ni nake tuƙa shi. Kullum da safe sai ya kunna wasan da aka buga muna barci, ya dinga zagin ƙungiyarsu tun daga ƙofar gida har ofis. Da farko na ɗauka da ni yake. Da ya lura ina satar kallo idan danja ta tsayar da mu, sai ya fara koya min. Kwangilarsa ta ƙare ya koma ƙasarsu, ya bar min hular ƙungiyar, ya kuma bar min zagin.

Yanzu kafil ɗina, wato maigidan da ya ɗauki nauyin zamana a ƙasar, wani Balarabe ne a Al Aziziya. Ɗakina yana jikin get, yana da gado da firji da taga mai kallon katanga. Aikina kai yara makaranta, kai uwargida kanti, jira, ɗaukowa. Maganar da ake min a yini ba ta wuce "yalla" in za a tafi, "khalas" in an gama. Ba su da laifi, ba sa wulaƙanta ni, hira ce dai babu. A lokacin jiran nan nake kallon wasa a waya, na jiya, don sa'ad da suke bugawa can mu dare ne. Ban taɓa fargabar wani zai riga ni faɗin sakamako ba, domin a duk unguwar babu wanda ya san an yi wasan.

Ina da ra'ayi kuwa, mai zafi. Masu tafiyar da ƙungiyata ba su san aikinsu ba. Akwai wani tsohon ɗan wasa da suka ɗaure kansu da shi, suka ba shi doguwar kwangila da kuɗi mai tsoka saboda abin da ya yi musu shekarun baya. Yanzu gudu ma da ƙyar yake yi, ga matasa a benci suna hamma. Ni a wurina ba a biyan mutum don jiyansa, don gobensa ake biya. Wannan magana na faɗa wa sitiyari, na faɗa wa mai ban ruwan fulawa ɗan Nefal, shi kuma ya gyaɗa kai cikin ladabi ya ci gaba da jan tiyo.

Abin da ya fi burge ni a tsarinsu shi ne yadda ake rabon sababbin 'yan wasa. Kowace shekara idan matasa suka taso, ba mai kuɗi ke fara ɗauka ba. Ƙungiyoyin da suka ƙare a ƙasan tebur, waɗanda suka fi shan kashi, su ake ba wa damar fara zaɓe. Ranar da dattijon ya yi min wannan bayani sai da na rage gudun mota. Na taso a inda mai ƙarfi ke kwashe komai ya bar wa na ƙasa haƙuri, ban san ana yin haka a ko'ina ba.

Juma'a kaɗai nake da hutu. Bayan an sauko daga masallaci sai in hau jirgin ƙasa zuwa Mushairib, daga nan in kama bas zuwa Mesaimeer. Akwai wani fili a bayan shaguna, rabi namu, rabi na masu kurket. Nan 'yan Arewa ke taruwa bayan la'asar mu buga ƙwallon ƙafa: masu gadi, direbobi, da 'yan'uwanmu Kirista biyu-uku da ke aikin asibiti. In an tashi mu zauna a kan bulo, a sayo shayin karak, mai madara da kayan ƙamshi, a ƙananan kofuna, a yi ta tsiya har a kira magariba. A mako guda, wannan ne kawai lokacin da nake yin Hausa da mutum ina kallon fuskarsa. Matata da yara muna waya, amma waya ba ta zama kusa da kai ta ture ka da kafaɗa.

Rabon da na tarar ana yi mai sauƙi ne: Kanawa gefe ɗaya, sauran duniya gefe ɗaya. Duk wanda ya iso sai ya cire takalmin masallaci ya shiga wajen mutanen garinsu. Ba a ƙirga kai. Wani lokaci su goma sha uku, mu goma, a haka za a buga. Tunda yawancin sababbin zuwa ta hannun Kanawa suke biyowa, kowace Juma'a sai sun yi mana dukan kawo wuƙa. Ni mutumin Zariya ne, kuma ban iya shan kashi in yi dariya ba.

Wata rana ana shan shayi na miƙe tsaye na kawo tsarin besbol. Na ce a daina rabon gari. A fitar da kyaftin biyu, kowa ya tsaya a layi, kyaftin ɗin da aka ci a makon jiya shi zai fara ɗauka. Mutum tara-tara, don filin ba ya ɗaukar fiye da haka.

Wani dattijo Basakkwace, wanda ya riga kowa zuwa ƙasar, shi ke tsare mana gida, ya ajiye kofinsa ya ce, "To Malam, wanda ba a ɗauka ba hwa?"

Na ce, "Ya zauna ya jira wani makon."

Ya ce, "Mutum ya taho tun daga inda yat taho, ka ce mai ya zamna?"

Na ce haka ake yi a inda aka san wasa. Na yi ta zuba, har da misalin tsohon ɗan wasan nan da ke cinye kuɗin ƙungiyata. Babu wanda ya gane misalin, amma sun gaji da cin da ake musu, Kanawa kuma sun gaji da cin banza. Aka yarda a gwada.

Kuma tsarin ya yi, wannan ba zan ɓoye ba. Wasa ya yi kyau, yau wannan gefe gobe wancan, har 'yan kurket suka fara leƙowa. Aka laƙaba min Manaja. Da wani ɗan Kumasi mai ƙafar hagu ya ce ba zai iya zuwa ba sai an biya masa tasi, ni na tsaya kai da fata aka haɗa masa, don duk wanda ya samu yaron ya samu ƙwallo biyu. Da aka ce to a riƙa biya wa Basakkwace shi ma, tunda ya daɗe yana yi mana hidima, na ce a ba shi don girmamawa in ana so, amma kada a kira shi kuɗin wasa. Basakkwace ya yi dariya ya ce Allah ya shirye ni.

A cikinsu duka mutum ɗaya ne ke saurarena da gaske, wani matashi Bakatsine mai gadi a wani bene a Mushairib. Kawu yake ce min. Tare muke komawa a bas, ina yi masa karatu: kada ka ɗauki mutum don garinku ɗaya, kada ka ɗauke shi don ya taɓa ba ka bashi, kalli ƙafarsa, kalli numfashinsa. Shi kaɗai ne ya taɓa karɓar ɗayan abin kunnena na sauraren waya ya kalli besbol tare da ni. Bai fahimci komai ba, ya ce wasan kamar jiran layin asibiti, amma ya kalla har muka sauka. Ranar na koma ɗaki da farin ciki irin wanda na daɗe ban yi ba.

Shekaru suka ɗan ja. Zaman mota ya cinye min gwiwa, tumbi ya fito, sababbin yara kuma sai ƙaruwa suke. A da ana kirana a sahun farko, sai na koma tsakiya, sai na koma can ƙarshe-ƙarshe. Ina lura, amma ina ce wa kaina kyaftin ɗin ne ba su san darajar mai raba ƙwallo irina ba.

Ranar da abin ya faru, Bakatsine ne kyaftin, kuma zaɓen ƙarshe a hannunsa ya faɗo. Mu biyu muka rage a layi, ni da wani dogon saurayi ɗan Jos da ya zo ƙasar kwanan nan, mai gyaran na'urorin asibiti. Makon da ya wuce ya buga sau ɗaya, kowa ya ga abin da ya yi. Bakatsine ya kalle ni, ya kalli ɗan Jos, ya sunkuyar da kai yana murza ƙasa da takalmi. Ina jiyo ƙarar gorar 'yan kurket daga ɗaya ɓangaren filin. Can ya ɗaga hannu, bai ɗago kai ba, ya nuna ɗan Jos.

Basakkwace ya taso daga bakin raga yana tafa safar hannunsa. "Kai, a'a! Ba a yi haka ba. A bar babba tsaye kamar an kore shi? Malam, shigo. A yi goma da tara, kamar yadda muka saba. Wa zai mutu?"

Wasu suka ce gaskiya ne, Manaja ya shigo. Ɗan Jos ma ya fara cire riga yana cewa shi zai haƙura. Ina so in shiga. Wallahi ban taɓa son wani abu a ƙasar nan kamar yadda na so in taka filin nan a wannan lokaci ba. Amma na san in na shiga, daga ranar na zama tsohon ɗan wasan da nake zagi, wanda ake riƙe da shi don kunya. Kuma zuciyata ba ta da kyau in an tausaya min a gaban mutane.

Na ce, "Tara-tara ne. Ku buga."

Na je na zauna a kan bulo, wajen da ake tara takalma da wayoyi. Na waiga in ga da wa zan yi hira, sai na tarar ni kaɗai ne. A da akwai masu zama a nan, wani direban tankar ruwa mai ƙiba, da wasu biyu da ba su iya tare ƙwallo ba amma sun fi kowa ban dariya. Sai a lokacin na tuna na daɗe ban gan su ba. Sun zauna mako biyu-uku, suka daina zuwa.

Aka buga, gefen Bakatsine ya ci, ɗan Jos ne ya jefa ta ƙarshe. Da aka kawo shayi, kowa yana ta maimaita yadda aka yi, wa ya ba wa, wa ya zubar. A nan na gane hirar bayan wasa ta waɗanda suka yi gumi ce. Ana sako ni ciki don kara, a ce "Ko ba haka ba, Manaja?" in ce haka ne.

A bas Bakatsine ya zauna kusa da ni. Can ya ce, "Kawu, don Allah ka yi haƙuri."

Na ce, "Me ka gani a wurinsa?"

Ya ce, "Yana komowa baya in an ƙwace. Kuma mu gudu muka rasa a dama, ba mai raba ƙwallo ba."

Na ce, "Da ni ne, shi zan ɗauka."

Gaskiya na faɗa masa, kuma ita ce ta fi ci min rai. Da son kai ya yi, da na samu abin zagi har Aziziya. Na ciro waya na miƙa masa abin kunne ɗaya, ya karɓa, amma na ga hankalinsa ba ya wurin, nawa ma haka.

Mako biyu na sake tsayawa a layi. Duk biyun ba a kai kaina ba, kuma duk biyun sai da Basakkwace ya yi faɗa, Bakatsine kuma ya kasa haɗa ido da ni har aka tashi. Na ga tsayuwata ta zame wa kowa nauyi. Wanda zai zaɓa yana jin kunya, wanda aka zaɓa yana jin kunya, shayin ma ba ya daɗi.

Har yau ina zuwa, don ba ni da wani wurin. Na dai canza lokaci. Idan na sauka a Mushairib sai in zauna a tasha, in bar bas na farko ya wuce, in bar na biyu, ina kallon wasan jiya a waya. Tsohon ɗan wasan nan yana nan, ba su sallame shi ba, kuma na lura na rage zaginsa. Sai na tabbatar an gama zaɓe sannan in hau. In na iso ana cikin wasa, Bakatsine ya ɗago min hannu daga tsakiyar fili da fara'arsa ya ce, "Kawu, yau ma ka makara!"

In ce masa, "Wallahi cunkoso ne." Sannan in zauna a kan bulo, in tura jakata ƙarƙashin ƙafa yadda ba wanda zai ga takalmin ƙwallon da ke ciki.