Ramin Bakin Gareji

Ni da Mai Kunne da faɗa muka fara. Ƙwai nake sayarwa tun haƙorana suna cike, kuma surukina, mijin babbar 'yata, shi ke ɗauko min kaya daga gona da tsohuwar motarsa. An yi kwanaki duk tiren da aka sauke sai na tsinci fasassu, har na fara zagin kajin. Sai wata safiya motar ba ta zo ba sam. Aka ce tana gareji, bakaniken, wato Mai Kunne, ya ɗage ta sama ya hana ta fita.

Na yafa mayafi na nufi wurin. Na tarar da ƙafafun mutum sun leƙo daga ƙarƙashin mota, na yi musu sallama ba su amsa ba, sai na taɓa su da sanda. Ya fito, wani ɗan siriri mai manyan kunnuwa, baƙin mai har gira. Na tambaye shi ko motar gadon ubansa ce. Ya ce a'a, Inna, amma shoka ɗaya ta baya ta zubar da manta, wato ƙarfen nan da ke hana mota tsalle, kuma shi ba ya canza ɗaya ya bar ɗaya, sai dai a sa biyu lokaci guda. Na ce ai ko likita ba ya ɗaure ƙafar da ba ta karye ba. Ya sauke motar, ya danna gindinta da hannu biyu ya saki, ta yi ta rawa kamar mai tsoron ruwan sanyi. Ya ce mai lafiya sau ɗaya take tasowa ta tsaya cak.

"Ƙwanki ba komai ba ne, Inna," in ji shi. "Ranar da surukinki ya taka birki a kwana, tayar nan tana sama, ba ƙwai za a kwashe ba."

Na faɗa masa bakinsa ya fi sifanarsa kaifi, na yi tafiyata. Daga baya na lura akwai inuwa mai kyau a bakin garejin, na maido teburina can. Inuwar na bi, kada wani ya ce wani abu.

Daga kan wannan tebur na ga rayuwar mutumin nan kusan duka. Ɗan tela ne. Uban ya so ya gaje shi, amma yaron ya fi son kwance keken ɗinkin da yin ɗinki, shi ya sa aka miƙa shi gareji. Can sauran yara suka ruga wajen inji, don inji ne ke da suna, shi kuwa ya kwanta ƙarƙashin mota bai sake tasowa ba. Ƙafar mota ita ce aikinsa: shoka, sifirin, robobin da ke tsakanin ƙarfe da ƙarfe, da gaɓar nan mai kama da gwiwa da ke riƙe taya. Yakan ce inji in ya mutu tsayawa kawai za ka yi a gefen hanya, ƙafa kuwa ba ta jira ka tsaya.

Akwai wani rami a daidai ƙofar garejin, ruwan sama ne ya haƙa shi ya ratsa hanyar shiga. Maƙwabta sun sha kawo ƙasa za su cike, yana hana su. Har da mai shagon fenti suka yi sa-in-sa a kai. Ramin nan shi ne kayan aikinsa na farko. Duk motar da aka kawo, ba ya taɓa sifana sai ya shiga kujerar baya, ya sauke gilashi, ya rufe ido, ya ce mai ita ya bi ta ramin a hankali, ya dawo ya sake bi. Kafin a kashe inji ya faɗi ciwon. In ya ji ƙwas kamar ana ƙwanƙwasa ƙofa da ɗan yatsa, gwiwa ce ta saki. In ƙiiƙ ne kamar tsohon gado, roba ta bushe. In dum ne mai nauyi kamar an yar da buhu, shoka ta mutu. Daga nan ya zagaya ya shafa tayoyi, inda ta cinye gefe ɗaya ko ta yi tudu da kwari ya nuna wa mai mota, ya ce ga shaida. Da haka sunan Mai Kunne ya bi shi, har na yanka ya ɓace. Matarsa takan ce kunnen na motoci ne, ita sai ta maimaita magana kafin ya ɗago.

Ya aurar da 'ya'yansa mata da aikin nan, ya yi wa ɗakinsu rufin kwano, furfura ta fito masa a gemu. Bai yi arziki ba, don mutum ne da zai kori mai mota in ya ce a liƙa masa ta haka nan ya lallaɓa. Amma duk direban unguwa in zai yi doguwar tafiya sai ya zo ya bi ta ramin.

Ban san ranar da abin ya fara ba. Na dai ga rediyonsa na ƙara ƙarfi, na ga ya fara juyo da gefen hagu in ana masa magana, yana kallon bakin mutane. A ba da labarin rasuwa, sai ka ga ya yi murmushi ya ce haka ne. Shekara da shekaru na bugun guduma a ƙarƙashin ƙarfe sun karɓi rabonsu. Shi ya sani, matarsa ta sani, ni ma na sani, ba wanda ya furta. Me zai ce? Mutumin da ake kira Mai Kunne ya tashi ya ce kunnen ya tafi, wa zai sake kawo masa mota? Sai ya ci gaba da shiga kujerar baya yana rufe ido, yana faɗin abin da ya saba gani ga irin motar. Sau da yawa yana dacewa, don ya daɗe a ƙarƙashin motoci.

Ranar da bai dace ba, motar wata mata ce da ke kwasar yaran unguwa ta kai su makaranta. Ta ce gaban na mata wani iri, sitiyari na ja gefe. Ya hau, suka bi rami, ya sauko ya ce shoka ce. Ya canza guda biyu kamar yadda ya saba, ta gode, ta tayar. Tana saka tayar dama a ramin na ji ƙwas, sarai. Shekarun da na yi a bakin ramin nan, ko tunkiya ce ta koyi karatun.

Na dube shi. Yana tsaye yana goge hannu da tsumma, yana ɗaga mata hannu. Na kira shi bai ji ba, sai na jefe shi da ɓawon ƙwai. Da ya matso na kama rigarsa na ce masa a kunnen hagu gwiwar dama ta yi ƙara.

Ga mai fenti a tsaye, ga direbobi biyu a benci suna jiran layi. In ya tsayar da ita, kowa ya gane tsohuwa mai ƙwai ta ji abin da bai ji ba. In ya yi shiru, wataƙila gwiwar ta ƙara mako, wataƙila wata, ba kuma wanda zai ce laifinsa ne. Na ga duk wannan ya wuce ta fuskarsa. Sai ya yar da tsumman ya bi motar da gudu, dattijo da shi, yana bugun bayanta da tafin hannu.

Da matar ta dawo da motar, ya ɗaga gaban da jak, ya kama tayar sama da ƙasa ya girgiza, ta yi lakaf-lakaf kamar haƙorin da ya kusa faɗuwa. Ya canza gwiwar. Da matar ta tafi ya zauna kan tsohuwar taya, ya daɗe yana kallon hannuwansa. Direbobin suka yi kamar suna duba wayoyinsu. Can ya ce min gobe zai sa a cike ramin ya rufe garejin, tunda yanzu makaho ne a aikinsa. Na ce to ya rufe, sai ya zo mu riƙa sayar da ƙwai tare, amma ya sani ni ba na ɗaukar mai fasa min kaya.

Bai rufe ba. Muka shiga wata dabara da ba mu taɓa zama mun shirya ba. In ya hau bayan mota aka bi rami, sai ya buɗe ido kaɗan ya saci kallona. In na ji ƙwas na taɓa gwiwata, in ƙiiƙ ne na sosa kunne, in dum ne na bugi tebur. Ya kuma ƙara abin da da yake rainawa: kowace mota sai ya ɗage ta ya girgiza tayoyi huɗun, ya sa ƙarfe ya taɓa robobi yana kallo. Na ga kuma ya fara cire takalmi in zai shiga, ya dasa tafin ƙafa a ƙasan motar, hannu ɗaya a jikin ƙofa. Ban tambaye shi ba. Abin da ya rage masa, har yanzu yana barin mutane su ɗauka kunnen ne ke aiki, kuma hakan na cin sa, don ya daina kallon masu mota a ido.

Sai tawa ƙafar ta gaza. 'Yata ta ce zaman tebur ya isa haka, in koma wurinta, can nesa. Ranar tafiya surukina ya zo da motarsa aka ɗora kayana. Mai Kunne ya ce ba za a fita da ni ba sai ya ji ta. Ya cire takalmi ya shigo baya kusa da ni, ya dasa ƙafafunsa, ya rufe ido. Na naɗe hannuwana cikin mayafi, na rantse a raina ko yatsa ba zan motsa ba. Muka bi rami. Ƙiiƙ, can ƙasa-ƙasa, ta bayan hagu.

Bai dube ni ba. Ya ce wa surukina robar bayan hagu ta fara bushewa, za ta kai mu lafiya, amma ya dawo da ita cikin makon nan. Sannan ya buɗe ido ya juyo yana neman fuskata, kamar yaron da ya kawo aiki a duba masa.

Na jawo kunnensa na hagu, na ɗaga murya yadda mai fenti da direbobin benci za su ji.

"Daidai ne, ɗan nan, kuma ban taɓa komai ba. Ka gaya wa mutane da bakinka kunnen ya tafi, ƙafa da hannu ne ke ji yanzu. Wanda zai gudu ya gudu. Ramin nan kuwa, in na ji an cike shi, da sandata zan dawo."