Inna, jikarki ta koma ga gishiri

Shekara tara ke nan da rasuwar Inna, mahaifiyata, amma ban taɓa son ta tashi mu yi magana kamar bana ba. Ba kewa kaɗai ba ce. Alkawari na ɗaukar mata, ga shi yana neman kuɓuce mini.

Inna mai dafa gishiri ce a Keana, kamar uwarta da kakarta. Takan ɗebo ruwan tafkin gishiri ta yayyafa wa ƙasa, rana ta busar, ta kankare ta tace a tukwane, sannan ta tsaya kan wuta har ruwan ya ƙone ya bar farin gishiri. Hayaƙin itacen nan shi ya cinye mata idanu. Tun ina ƙarama ta turo ni Lafia wajen ƙanenta in yi boko, ta kuma sa na rantse cewa jininta ba zai ƙara tsayawa kan gishiri ba. Bayan ta makance, duk ranar da na je gaishe ta sai ta jawo mayafina ta shinshina. In ta ji hayaƙi na shiga uku, ko da na suyar ƙosai ne.

Na riƙe alkawarin. 'Yata, wadda ta ci sunan Inna muke ce mata Ummi, ko tafkin ban taɓa kai ta ba. Ta karanci injiniya, na ce shi ke nan, mun rabu da gishiri. Sai ga ta kwanan baya da albishir: an ɗauke ta koyon aiki a wata tashar lantarki a ƙasar waje. Na yi guɗa. Da na tambayi irin aikin, ta ce, "Narkakken gishiri, Mama."

Wallahi sai da na sa ta maimaita. Gishiri na narkewa ba a cikin ruwa ba? Ta nuna mini a waya. Madubai ne jere a fili iya ganinka, duk suna tara hasken rana a kan wata doguwar hasumiya. Zafin ke narkar da gishirin ya koma kamar ruwa, a tara shi a manyan tankuna. Bayan rana ta faɗi yana nan da zafinsa, shi zai tafasa ruwa, tururi ya juya inji, gari ya samu wuta.

Na kasa rufe baki. Inna ta ƙare rayuwarta tana tafasa ruwa don ta samu gishiri, su kuma suna narka gishiri don su tafasa ruwa!

Ummi ta ce, "Ba irin na miya ba ne fa, dangin takin zamani ne."

Na ce, "Kada ki raina mini hankali. Wa ke hura wutar?"

"Rana."

"Hayaƙin fa?"

"Babu ko ɗan kaɗan, Mama."

Me Inna za ta ce? Na san da farko ba za ta yarda ba, don ko rediyo sai ta gama musu da shi take kashewa. Amma na tuna yadda takan ɗaga kai ta yi wa rana tsiya, wai duk zafin nan nata ba ta iya dafa tukunya ɗaya, sai dai ta bar ta da ɗiban itace. Na kuma tuna gishiri mai zafi da takan ƙulle a tsumma ta ɗora mini a ƙirji in mura ta kama ni. Ɗuminsa kan daɗe bai huce ba.

Ban iya cewa ta yafe mini rantsuwar, mamaci ba a tambayarsa. Abin da na sani shi ne bayan ta daina gani ba ta taɓa lasar hannuna ta nemi gishiri ba. Mayafi take shinshinawa.

Na bar Ummi ta tafi. A tashar mota na riƙe ta na ce, "Ranar da kika dawo, kafin ki gaishe ni, ki miƙo mini mayafinki."