Katunan da Usta Bello Ya Ƙi Zubarwa

Shekara goma sha ɗaya ke nan da muka raka Usta Bello (Usta, wato gwanin sana'a) makwancinsa a Madina, amma sai bana aka wanke masa suna. Mijin yayata Hauwa ne, kuma a gidansu na unguwar Harra na zauna lokacin da na je karatu daga Kano. Abokin wasana ne, ban taɓa raga masa ba, shi ma bai raga mini ba.

Ma'aikaci ne a wata ƙaramar maɗaba'a a unguwar Sultana. A shekarun tamanin suka samu aikin buga katunan 'yan ƙwallo, irin waɗanda ake sakawa cikin cingam. Injinsu tsoho ne, launi ɗaya yake bugawa, don haka sai takarda ta bi ta cikinsa sau huɗu: shuɗi, ja, rawaya, baƙi. In ta goce ko da kaurin gashi ne, ɗan wasa ya fito da hanci biyu. In rawaya ta ƙare, filin ƙwallo ya koma shuɗi. In wuƙa ta karkace, mai tsaron gida ya rasa rabin kai.

Duk katin da ya lalace shara ake zuba shi, amma ba a gaban Bello ba. Yawancin 'yan wasan daga Abdullahi sai Abdurrahman, shi kuwa ba ya iya ganin sunan Allah cikin shara. Sai ya kwaso su, ya rubuta da fensir a bayan kowanne abin da ya ɓata shi, da Larabci, ya zuba a gwangwanayen madara. Nakan ce, "Usta, waɗannan masu hanci biyun ne gadon da za ka bar wa Yaya?" Ya ce, "Kai dai je ka yi haddarka, ya ɗalib."

Wata shekara da zafi ya tsananta, mai maɗaba'ar ya kafa mukayyif na ruwa, mai huro iska mai laima, daidai inda ake jibge takarda. Takardar da ta sha shuɗi da safe sai ta kumbura kafin a zo kan ja da yamma, launuka suka daina hawa kan juna. Masu cingam suka dawo da kaya. Bello ya nuna mukayyif, mai gida ya nuna Bello. A gaban ma'aikata ya ce masa, "Halas, shi ke nan, ya Usta, idonka ya mutu." Maganar ta zagaye Sultana, babu maɗaba'ar da ta sake ɗaukarsa. Ya ƙare rayuwarsa yana sayar da carbi da hula. Bai taɓa kai ƙara wa kowa ba, amma na san abin ya ci shi, ni ma har yau in na tuna raina ɓaci yake yi.

Yanzu yaran da suka tauna cingam ɗin sun zama dattawa masu tara kati, kuma lalataccen suke nema ido rufe. Lafiyayye kowa na da shi, mai hanci biyu kuwa shara ta cinye. Har wasu kan shanya kati a rana ya koɗe, su ce kuskuren inji ne. Da Bello na raye da ya yi dariya har hularsa ta faɗi, ya duba sau ɗaya ya ce wannan rana ce ta buga shi.

Cikin masu tarawar akwai Faisal, ɗan tsohon mai maɗaba'ar. Ya ji labarin gwangwanayen, ya zo gidan Yaya daidai lokacin da na je umra. Ya zauna yana juya katunan shekarar da aka kori Bello, duk rubutu ɗaya ne: "mukayyif a kunne." Sai ya ciro nasa, waɗanda aka buga bayan korar. Aibin nan ne dai, ko kaɗan bai canza ba. Ya tattara nasa ya tafi.

Washegari ya turo mahaifinsa a keken marasa lafiya. Tsohon ya sunkuyar da kai ya ce ƙasa-ƙasa, "Ya Hajja, mun zalunci Usta. Idonsa lafiya lau."

Yaya ta ce, "Waccan maganar a gaban mutane ka faɗe ta. Wannan ma fita da ita waje."

Aka tura shi ƙofar gida, mutane na dawowa daga sallar la'asar, ya maimaita da ƙarfi har sau biyu. Wani tsohon maƙwabci ya yi kabbara. Ni kuwa, da furfurata, na tsaya ina share hawaye ina dariya.

Bello bai bar wa Yaya gadon gida ba, bai bar mata shago ba. Abin da ya bari shi ne girmama sunan Allah ko a kan katin cingam, kuma girmamawar nan ce ta adana masa hujjarsa har ta yi magana bayan ransa. Faisal ya roƙi Yaya ta sayar masa da gwangwani ko guda ɗaya, ta faɗi abin da take so. Matar da ta yi shekaru tana mita sun cika mata ƙarƙashin gado ta jawo su kusa da ƙafarta ta ce, "Ba na sayarwa ba ne, ya waladi, ɗana. Shaidun mijina ne."