Butar Madugu da Bawul ɗin Keken Baffa

A gidana an daɗe da yanke hukunci cewa duk labarin da ya fito daga bakina sai an zubar da rabinsa kafin a karɓi sauran. Ban ga laifinsu ba, ni na ja wa kaina. Mutumin da ya gaya wa 'ya'yansa cewa ya taɓa kama kura da hannu a bayan ganuwa har ya ɗaure ta da rawani, ba shi da bakin ƙorafi in wata rana ya faɗi gaskiya aka yi masa dariya.

Maƙerin fari ne ni, wato mu masu aikin azurfa da tagulla, ba masu fartanya da gatari ba. Boko kuwa aji uku na yi, na ukun ma rabinsa a kan mangwaron makaranta na yi shi. Na bar ƙira tun yarana suna ƙanana, lokacin da kayan kanti masu ƙyalli suka cika kasuwa, na koma sayar da kwanuka. Saboda haka babban ɗana, wanda yanzu yake koyarwa a wata jami'a a Kuala Lumpur, bai taɓa ganin abu ɗaya da hannuna ya ƙera ba. In na ce masa a zamanina Turawa har rububin aikina suke yi, sai ya ce, "Haka ne, Baba," da irin muryar da ake lallashin mara lafiya. Wannan "haka ne" ta fi mini zagi ciwo. Ɗan fari ne, ba na kama sunansa. Dakta nake ce masa, wani lokaci don girmamawa, wani lokaci don tsokana, shi ma bai san wanne ne wanne ba.

Shi ya ɗauko ni zuwa can don a cire mini yanar ido. Aka cire, duniya ta dawo tas, har na ga furfurar da ke gemun Dakta wadda ya daɗe yana ɓoye mini a waya. To amma me zan kalla? Gidansu hawa na ashirin ne a unguwar Bukit Jalil, ba zaure, ba dakali, ba mai wucewa ya yi maka sallama. Na dami matarsa da tambaya, na dami jikokina da ba sa amsa mini sai da Turanci. Ranar wata Asabar Dakta ya gaji, ya ce in sa hula mu je kallon kayan gwanjo. Yana da sha'awar tsofaffin agoguna, ba ya saye, kallo kawai yake yi ya dawo yana ajiyar zuciya.

Ni da na ji gwanjo na ɗauka tulin riguna ne a ƙasa da mutum yana kaɗa ƙararrawa. Sai ga mu a wani ɗaki mai sanyi kamar cikin randa, kowa yana magana ƙasa-ƙasa kamar gidan makoki. Ashe ana baza kayan kwana biyu a kalla tukuna, sannan a yi cinikin. Ga kujeru na baƙin katako da aka sassaƙa musu furanni, ga kabad har rufi, ga agoguna masu tsayin mutum, kowanne da nasa lokacin, ba mai yarda da ɗan'uwansa. Ga farantan tangaran masu shuɗin zane irin waɗanda kakata ta jera a ɗakinta muna cin ɗanwake a ciki, a nan an ba kowanne gidan gilashi da fitilarsa. Na kai hannu zan shafa wata kujera, Dakta ya riƙe mini hannun riga.

"Baba, nan ba a taɓawa."

"To a me za a zauna a kanta, da ido?"

Ya wuce wajen agogunansa, ni na gangara wajen azurfa, don ido ya san gida. Ina tafe ina raina aikin mutane a zuciyata, wannan sinadarin likinsa ya yi yawa, wannan an goge shi har ya mutu, sai na tsaya cak. Wata 'yar buta ce ta azurfa, ba ta fi tsawon tafin hannu da rabi ba, mai dogon wuya da murfi, a kan murfin ɗan ƙwallo kamar goro. A cikinta na dama akwai lotsawa. Bakin ya ɗan karkata hagu, irin karkatar da Baffa, ƙanin mahaifina da ya koya mini ƙira, ya yi ta dukan ƙeyata a kai bai raba ni da ita ba.

Shekara hamsin da ɗoriya rabona da ita.

Ga yadda aka yi. Ina saurayi, akwai wani dillali da yake kai wa Turawa kayan tarihi a ƙofar otal. Ya ce mini Bature ba ya son sabon abu, in ya ga ƙyalli sai ya juya baya. Na narka tsofaffin mundaye na ƙera butar nan, wata guda ina kanta, ban taɓa yin aikin da ya kai ta ba. Da ta fito fes sai na shiga tsofar da ita. Na kwaɓa gwaiduwar dafaffen ƙwai na shafe ta, na rufe a tukunya har ta yi baƙi. Na binne ta a turken awaki sati uku. Na rataye ta a madafa ta sha hayaƙi. Daga ƙarshe na runtse ido na sakar mata masaba a ciki. Sannan na ƙera mata labari, wanda ya fi butar sauƙin ƙira: ta wani madugu ce da yake ratsa sahara daga Tarabulus tun kafin zuwan Turawa, lotsawar kuwa raƙumi ne ya harbe ta a bakin rijiya. Allah Ya yafe mana, na tuba tun tuni, na kuma faɗa a gaban Ka'aba. Amma ba zan ɓoye muku ba, da na gan ta a cikin gilashi da fitila a kanta, ba tuba ce ta fara zuwa mini ba. Wani daɗi ne ya taso mini tun daga yatsun ƙafa.

Na yafito Dakta. "Zo ka ga aikin ubanka."

Ya leƙa, ya dube ni, ya yi murmushin nan. "Haka ne, Baba."

"Kar ka haka-ne ni. Ni na ƙera ta. Karanta takardar da ke gabanta, in ba ka ga raƙumi a ciki ba ka mayar da ni Kano a ƙafa."

Ya sunkuya ya karanta. Na ga murmushin ya ragu. Takardar ta ce butar madugu ce, ta haura shekara ɗari da hamsin, lotsawar harbin raƙumi ce kamar yadda aka ruwaito. Ta fito daga kayan wani Bature da ya yi aikin kamfanin gyaɗa a wajenmu, ya dawo wannan ƙasa aikin gonar kwakwa, ya rasu a nan, 'ya'yansa suka kawo kayan gwanjo. Ku duba ikon Allah: ni aji uku, amma ƙaryata ta yi karatu, ta koyi Turanci, ta hau jirgi kafin ni, har an buga ta a littafi mai sheƙi.

Dakta ya miƙe ya gyara gilashinsa. "Baba, duk wani tsohon abu na sahara ai da raƙumi a labarinsa. Cinta ka yi. Mu tafi mu ci abinci."

"Kira mini matar can."

Wata 'yar Sin ce mai kula da wurin, da farar safar hannu, tana zagayawa.

"Don Allah, Baba, rufa mini asiri. Akwai waɗanda suka san ni a nan. In ce mata me? Babana ya ce shi ya yi kayan shekara ɗari da hamsin?"

"Ka ce mata babanka ya ce ƙarya ce, kuma shi ne mai ƙaryar."

Ya ƙi. Ya harɗe hannu ya juya yana kallon wani agogo kamar bai san ni ba. Nan ne abin ya sosa mini rai. Ba matar ce ta dame ni ba, ba Turawan ba. Yaron nan ne. In muka fita ɗakin nan, gobe wani ya saye butar ya tafi da ita, ni kuma in mutu a matsayin tsohon da ya kama kura.

Kalma ɗaya na iya ta mutanen ƙasar, wadda na tsinta a shagon shayi: boleh, wato ko zai yiwu. Na tari matar na nuna biron aljihunta na ce, "Boleh?" Ta miƙo tana dariya, ta ce mini Haji. Na juya bayan littafin kayan na fara zane. Rubutuna kaza ma ta fi ni, amma zane aikina ne. Na zana murfin, na zana ƙwallon a sama an cire shi, a tsakaninsu na zana abin da ke ɓoye: bawul ɗin tayar keke, da murɗinsa da ɗan wuyansa. A gefe na zana keken gaba ɗaya don kada a yi musu.

Dalili kuwa, ranar da zan haɗa murfin na rasa yadda zan kafa ƙwallon ba tare da wuta ta ɓata mini zanen ba. Keken Baffa yana jingine a zaure, ranar Juma'a ce, shi Baffa yana wanka. Na kwance bawul ɗin tayar baya, na yanke shi, na dasa a murfin, na murɗa ƙwallon a kai, na toshe gaɓar da ƙaro da baƙin tukunya. Baffa ya tafi masallaci a ƙafa yana tsine wa yaran unguwa. Har ya koma ga Allah bai san ni ne ba.

Matar ta dubi zanen, ta dubi butar, ta daina dariya. Ta yi wa Dakta magana da Turanci, dole ya matso. Ya fassara mini fuskarsa a murtuke: ta ce masanansu sun duba, ƙwallon a like yake da wuta.

"Ce mata ƙaro ne. Ta ɗiga ruwan ɗumi, ta jira kamar tsawon alwala, ta murɗa. Ni ba zan taɓa ba, kar a ce na yi dabo."

Ta yi waya, sannan ta ɗauki butar kamar jariri ta kai mu wani ɗan ɗaki a baya. Ta tsiyayo ruwan zafi daga filas ɗin shayinta, ta jiƙa auduga ta ɗora. Muka tsaya mu uku muna kallon auduga. A nan tsoro ya kama ni. In wani ya gyara ta a hanya fa? In tsufa ne ya haɗa mini buta biyu a kai? Na dubi Dakta, gumi yake yi a cikin wannan sanyin. Na lura leɓensa yana motsi. Ashe addu'a yake yi, ban dai sani ba ko ta a samu bawul ɗin ce ko ta kada a kira mana 'yan sanda.

Ta murɗa, shiru. Ta ƙara ruwa, baƙi-baƙi ya fara gangarowa a audugar. Ta sake murɗawa. Ƙwallon ya yi ɗan ƙara, ya juya, ya juya, ya fita a hannunta. Ga bawul ɗin keken Baffa a tsaye, jawur na tagulla, kamar jiya na yanke shi.

Matar ta ce wani abu da ƙarfi da yarensu, ta dafe baki, sai dariya har da hawaye. Dakta bai yi dariya ba. Ya roƙi safar hannu, ya ɗauki butar, ya juya ta, ya bi zanen wuyanta da yatsa a hankali, ganye bayan ganye.

"Baba, wannan duk da hannu?"

"A'a, da ƙafa."

"Da me ka yi waɗannan ƙananan layukan?"

"Da ƙusa da na wasa a dutse."

Bai ce "haka ne" ba. Ni kuma na shiga gyaran hula, don sabon idon nan nawa yana yawan kawo ruwa.

An cire butar daga cinikin washegari. Na sa Dakta ya rubuta wa 'ya'yan Baturen takarda cewa ni na yaudari mahaifinsu, ina neman afuwa. Babbar 'yarsa ta amsa cewa uban ya yi shekaru yana ba baƙi labarin raƙumin a teburin cin abinci, kuma da yana raye da ya fi kowa dariya. Ban sani ba ko yafiya ce wannan a wajensu, na dai karɓa. Bayan sati uku aka mayar da butar gwanjo da sabuwar takarda: aikin Kano, azurfa, da bawul ɗin keke a murfi, maƙerin yana raye. Aka sa sunana, har da na mahaifina. Darajarta ta faɗi warwas, madugu ya fi ni tsada nesa ba kusa ba. Wani dattijo ɗan ƙasar mai shagon kekuna ne ya saye ta, ya zo ya riƙe hannuna da hannu biyu yana ta magana, ni ina ta cewa boleh.

Dakta ya ɗauki hoton takardar ya sa a gilashi a falonsa, sama da takardun digirinsa. Kafin in dawo gida, duk ɗalibin da ya zo gaishe ni daga unguwar Danau Kota sai ya tsare shi da labarin. Na ji da kunnena yana cewa wata shida butar ta yi a turken awaki, kuma masana bakwai ne suka taru a kanta. Na ce, "Dakta, sati uku ne, kuma mace ɗaya ce da filas. Ka ji tsoron Allah."

A jirgin ƙasa, ranar da muka je kasuwar unguwar Masjid India sayen tsaraba, ya matso kusa da kunnena.

"Baba, to ita kurar nan fa?"

Na dube shi. Da gaske yake tambaya, a shirye yake ya yarda. Shekara arba'in ina jiran wannan fuskar.

Na ce, "Kare ne. Shi ma ɗin gurgu."