Jibo Maƙeri da Harajin Albarushi

Jibo maƙeri ne, ɗan Jiratawa, amma rumfarsa tana Sabon Gari a cikin Maraɗi. Mutum ne da ba ya iya zama wuri ɗaya. Ko ƙarfe ya sa a wuta, kafin ya yi ja sai ya leƙa titi ya dawo. Yana ƙera hauya da galma da lauje, kuma tun zamanin mahaifinsa gidansu ake kai wa gyaran bindigar toka, wadda maharba ke riƙewa, masu lambu kuma su harba ta sama don korar tsuntsaye. Albarushi ma yana sarowa ya sayar musu kaɗan-kaɗan.

Wata shekara, gab da damina, magana ta bazu a kasuwa cewa za a ɗauke haraji a kan kayan noma. Wasu suka ce taki ne kawai da iri, wasu suka ce duk abin da manomi ke taɓawa. Jibo ya ajiye guduma ya tafi gida da rana tsaka.

"Tahira," ya ce wa matarsa, "abin da ke tsare dawa daga tsuntsu ba kayan noma ba ne?"

"Kayan noma ne mana, maigida."

"To albarushi ma ya shiga ke nan!"

Ta ce ya ci abinci tukuna. Bai ci ba. Ya tare babur ɗin kabu-kabu sai Jiratawa, ya bi masu lambu ɗaya-ɗaya yana neman su mara masa baya. Suka ce sun ji, Allah ya ba da sa'a, suka koma ban ruwa. Daga nan ya wuce Tibiri wajen Maman Lawali, wani tsohon maharbi, abokin mahaifinsa. Tsohon ya saurare shi har ya gama.

"Jibo, a zamanin nan ba a kiran sunan bindiga da ƙarfi. Koma ka hura wutarka."

"Baba, ai gaskiya nake nema."

"Na ji. Amma ka rage murya."

Bai rage ba. Ya yi ta zarya a wani ofishin haraji har masu gadi suka san shi. Ranar da ya samu shiga, ma'aikacin ya cire tabarau ya dube shi.

"Malam Jibo, kana jin abin da ke faruwa a dazukan kan iyaka, kuma ka zo in rubuta albarushi kusa da taki? Don Allah tashi ka tafi."

Ya fito ransa a ɓace. A wajen mai shayi ya yi maganar, a bakin masallaci ya yi, a bayan kabu-kabu ma yana yi wa direba bayani cikin iska. Kafin a yi noman farko, sunansa ya koma Jibo mai bindiga, har mutanen da bai taɓa gani ba suna kiransa haka.

Wata Laraba da hantsi, mutum biyu suka tsaya da babur a gaban rumfar. Ɗaya ya shigo da buhu, ya tsuguna, ya buɗe bakinsa kaɗan. Jibo ya leƙa. Ba bindigar toka ba ce. Baƙar bindiga ce irin ta yaƙi, an kwance ta gunduwa-gunduwa.

"Mun ji kai ne mai tsaya wa masu bindiga," in ji mutumin. "Kunamarta ce ta ƙi tashi."

Jibo ya ce, "Ba ni da kayan aikin irin wannan."

"Ka nema. Za mu dawo."

Suna tafiya ya zuba wa wutar ruwa, ya rufe rumfa. Ya je gida ya kasa zama, ya fito ya yi ta zagaya unguwa, ya nufi unguwar Zariya wajen ƙanensa, ya juyo a hanya bai ƙarasa ba. Da la'asar ya sake isa Tibiri. Maman Lawali bai ce masa ai na gaya maka ba. Hula kawai ya ɗauka, ya raka shi wajen jandarmomi.

An yi masa tambayoyi har muryarsa ta dushe. Suka biyo shi rumfa, suka kwashe albarushin da ya rage da bindigogin da aka kawo gyara, sai masu su ne suka riƙa zuwa karɓa da shaida. Wasu maharba sun daɗe ba sa gaishe shi. Mutanen nan biyu kuwa ba a sake ganinsu ba, kuma har yau bai san ko an kama su ba.

Maganar harajin ma ta mutu a haka. Wasu sun ce an sauƙaƙa wa masu taki, amma hauyarsa ba ta ga canji ba.

Bayan kaka ya kwashe uwar maƙera da zugazugi ya koma Jiratawa. Ya bar gyaran bindiga gaba ɗaya. Yanzu injin ban ruwa yake gyarawa, yana kuma haɗa gwangwanaye da waya, a rataya a gona, yara su ja igiya tsuntsaye su watse. Masu lambu na cewa ba su kai bindiga ba, amma suna saye. Tahira ta samu ɗan fili a bayan gida ta shuka yakuwa da tattasai, ta ce ita kam ba ta komawa birni.