Inda Ba A Sa Fartanya

Shekarar da aka kai ni gidan miji, a wani ƙauye tsakanin Kafanchan da Kagoma, abin da ya fara tsone mini ido a gonarsu shi ne wani ɗan fili can wajen rafi da aka zagaye da ƙerana, shingen nan mai ƙaya da farin ruwa mai makanta ido. Ƙasar ciki baƙa ce wuluk, ciyawa kore shar, amma ba a noma ta. Ni 'yar Kagoro ce, a wurinmu ko tsakanin duwatsu sai mun cusa iri, don haka abin ya dame ni.

Mijina ma'aikacin reluwe ne, sai ƙarshen mako yake zuwa gida. Shi ma filin yana ransa. Citta ta yi daraja a Kachia, yana so ya sare shingen ya shuka. Mahaifiyarsa, wadda kowa ke kira Mama, ta ce sai dai bayan ranta. Duk farkon damina takan je ita kaɗai ta toshe inda awaki suka ɓula. Matan coci kuwa sun riga sun yanke hukunci, wai tsafin kakanni take ɓoyewa. Mace ce da ke gaba wajen rera waƙa a sujada, amma ana zunɗenta a baya. Ta sani sarai, ba ta taɓa wanke kanta ba.

Wata Lahadi bayan sujada muna ɓarar gyada a gindin mangwaro, rediyon mijina yana ta surutu. Wani ya yi bayani cewa Turawa suna samun lantarki daga nukiliya, amma sharar da ke saura guba ce, ba ta wari, ba ta ruɓewa, tana iya yin shekaru dubbai ba ta mutu ba. Waɗansu ƙasashe suna zuba ta a gangunan ƙarfe, su haɗa da siminti su jefa a teku. Waɗansu suna neman tsofaffin ramukan gishiri masu zurfi su binne.

Mama ta tsayar da hannunta a cikin gyada. Hausarta ta kasuwa ce da ta coci, ba ruwanta da bambanta mace da namiji a magana.

"To in sun binne, wa zai gaya ma jikoki kada su tona?"

"Za su kafa allo mana, Mama," in ji mijina. "Su rubuta."

"Gara zai ci allo. In gara bai ci ba, mutum ya ga an rubuta kada a tona, shi ne zai je ya kawo diga."

Muka yi dariya, ita ba ta yi ba. Ranar ko tuwon kirki ba ta ci ba.

Da mijina ya koma aiki, ta ce in raka ta rafi. Muka tsaya a bakin ƙeranar, ta nuna mini ciyawar.

"Amarya, ba tsafi ne a nan ba. Shanu ne."

Ta ce wata shekarar yunwa shanun wani dattijon Bafulatani maƙwabcinsu suka faɗi da ciwon saifa. Ya haƙa rami ya binne su, ya bi gida gida yana roƙon kada a taɓa. Amma yunwa ba ta jin roƙo, waɗansu maza suka tone, aka raba nama. Ɗanta na fari, wanda mijina bai taɓa gani ba, bai daɗe da fara tafiya ba. Ya ci, bai kai mako ba ya rasu. Dattijon ya zo ya yi kuka tare da ita, ya ce mata ciwon yana barci a ƙasa, ya fi mutum tsawon rai. Tare suka dasa ƙeranar.

Na ce, "Mama, me ya hana ki gaya wa ɗanki? Ai da ya haƙura da cittar."

"Babansa ne ya kawo naman." Ta share fuska da bakin zane. "Har ya mutu bai yafe ma kansa ba. Na bar yaron ya riƙe babansa da kyau. Gara a ce mini matsafi."

Tausayinta ya kama ni. Ashe duk shekarun nan tana tsaron abu biyu ne, ƙasar da kuma sunan mijinta.

"Jiya na ji Turawa ma ba su san yadda za su yi ba," ta ce. "Ni na tsufa. Ƙerana zai bushe wata rana. Abin da za ki gaya ma mijinki ya rage naki, amma kada fartanya ya shiga nan."

Na ce na ji, amma ni ma ai mutum ce, wata rana zan bi ta. Sai ta yi ɗan murmushi, ta miƙo tafin hannunta mai kaushi ta ɗora a kan marata. Ban gaya wa kowa ina da ciki ba tukuna, ko mijina, ni kaina ban gama tabbatarwa ba.

"Shi ya sa na kawo ku ku biyu," ta ce.